Bashi don lada, jari don riba: amsoshin tambayoyi kan rance tsakanin mutane a Maraɗi

Ni malamar makaranta ce a nan Maraɗi, kuma shekara da shekaru ni ke riƙe da littafin asusun matan unguwarmu. Shi ya sa duk inda aka haɗu, gidan suna ko gidan biki, sai wata ta ja ni gefe da maganar bashi. Maza ma sukan aiko matansu, wasu su tare ni a ƙofar makaranta. Tun da labarin ba da rance ta intanet ya shigo wayoyin mutane, tambayoyin suka ninka. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa. Kuɗin da zan ambata da lissafinmu na gida ne, jika ɗaya sefa 1000.

Mene ne wannan rance tsakanin mutum da mutum da ake ta faɗa?

Shi ne mai kuɗi ya ba mai buƙata kai tsaye. Idan ka ajiye kuɗi a banki, bankin ne ke rantawa da sunansa, in wanda ya ci bashin ya gudu asarar ta bankin ce. A nan kuwa asarar taka ce. Kamfanonin intanet da ke wannan harka dillalai ne kawai: su haɗa ku, su tattaro biya, su cire ladansu.

Na farkonsu da ya yi suna shi ne Zopa, a Ingila, a 2005. Prosper da LendingClub suka biyo baya a Amurka. Abin lura shi ne LendingClub ya daina karɓar kuɗin ɗaiɗaikun masu rantawa a ƙarshen 2020, Zopa ma ya bari a 2021, duka biyun suka koma aikin banki. Waɗanda suka buɗe hanyar ke nan, da ma'aikatansu da na'urorinsu na tantance mai cin bashi.

To ai kamar muna da irinsa tun da?

Muna da shi, har duniya ta koya daga wurinmu. Adashi ya girmi kowa a cikinmu. Alhazan Maraɗi sun daɗe suna ba yaransu kaya su kai kasuwannin ƙauye, in sun sayar su kawo kuɗi. Fulani suna da habbanaye: ka ba ɗan uwanka karsana ko akuya, ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan ya mayar maka da uwar. Da jar akuyar Maraɗi ake wannan a ƙauyuka da dama.

Sai kuma Mata Masu Dubara. Ƙungiyar CARE ce ta fara tsarin a jihar Maraɗi a 1991, yau ga shi ana yin sa a ƙasashe masu yawa na Afirka da Asiya. Duk wadda ta taɓa zama a taron asusu ta san yadda yake. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a ɗora akwatin ƙarfe a tsakiya da kwaɗo uku. Mabuɗan suna hannun mata uku, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Ana kiran suna, mace ta kwance bakin zanenta ta ajiye zubinta a faranti, masu ƙirga su ɗaga murya su faɗi adadin, kowa ta ji. Wadda ta makara ta jefa tara. Mai son rance ta faɗi abin da za ta yi da shi a gaban matan da suka san girkinta da halin mijinta. In shekara ta kewayo a fasa asusu, kowa ta ɗauki rabonta.

Abin da ke dawo da kuɗin nan cikin akwati sanayya ce da kunya. Manhajar waya ba ta da ko ɗaya cikin biyun, sai dai ta nemi abin da zai tsaya a madadinsu.

Gaskiya ne ƙaramin rance yana fitar da mutum daga talauci?

Labarin ya samo asali daga Bangaladash. A 1976 Muhammad Yunus, malamin tattalin arziki, ya ranta wa mutum 42 dalar Amurka 27 a ƙauyen Jobra. Daga nan bankin Grameen ya kafu a 1983, a 2006 aka ba shi da bankin kyautar Nobel ta zaman lafiya. A shekarun nan an yi ta ɗauka cewa an gano maganin talauci.

Da aka zo aunawa, sai abin ya sauko. A 2015 an wallafa bincike shida da aka yi a Bosniya, Habasha, Indiya, Meziko, Mongoliya da Maroko. Abin da suka nuna shi ne rancen yana taimaka wa mutane su faɗaɗa ƴar sana'a, su kuma sami zaɓi a yadda suke juya kuɗinsu, amma kuɗin shigar yawancin gidaje bai tashi sosai ba. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya ma, a 2010, bashi ya yi wa talakawa katutu har gwamnati ta sa doka ta taka wa masu rantawa birki.

Abin da na gani da idona bai saɓa wa wannan ba. Matar da take da sana'a a hannu, rance yana ƙara mata ƙarfi. Wadda ba ta da komai, ga yunwa a gida, rancen tukunya zai shiga, ranar biya kuma ta sayar da akuyarta. Ita wannan sadaka ta dace da ita.

Ina son in taimaka, ina kuma son kuɗina ya ƙaru. Ba za a haɗa biyun ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a tsaya a kanta, domin yawancin rigimar da aka kawo gabana daga nan ta taso. Kafin kuɗi ya bar hannunka, ka yanke wa zuciyarka: lada nake nema ko riba? In lada ce, ka ba da rance mai kyau, a mayar maka da daidai abin da ka bayar, ka kuma shirya wa jinkiri tun daga farko. In riba ce, ka shiga kasuwanci da sharuɗɗansa, ka yarda cewa asara tana iya zuwa.

Mai haɗa su a zuciya ɗaya yakan rasa duka. Ya ba mutum kuɗi don tausayi ba tare da ya duba sana'ar ba, sannan ya zauna yana jiran riba. Da ba ta zo ba sai gori ya fara, ladan ya tafi, zumuncin ya bi shi. Gara ka raba kuɗin gida biyu tun a ɗakinka, kowane da wurin ajiyarsa. Na taimako ya zama wanda in ya salwanta ba za ka kasa barci ba.

Ina maganar riba ta tsaya a addini?

Aya ta 275 a Suratul Baƙara ta halatta ciniki ta haramta riba. A Risala, wadda almajiranmu ke karantawa, an faɗa a fili cewa rancen da ke jawo wa mai rantawa amfani bai halatta ba. Saboda haka shafukan da ke cewa ka ranta a biya ka kashi kaza cikin ɗari, hukuncinsu ba ɓoyayye ba ne.

Amma ƙofar neman halal a buɗe take, kuma ƴan kasuwarmu sun san ta ko ba su san sunanta na littafi ba. Akwai ƙiradi: kai ka kawo kuɗi, shi ya kawo aiki, ku yanka rabon riba tun farko, rabi da rabi ko kashi ɗaya cikin uku. Ba a yanka adadi, kamar a ce jika biyar duk wata. In an yi asara ba da sakacinsa ba, kai ka rasa kuɗi, shi ya rasa wahalarsa. Akwai murabaha: tela yana son keken ɗinki, ka saye shi ya zama naka, ka faɗa masa yadda ka saya da ribar da ka ɗora, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, kuma farashin ba ya ƙaruwa don ya makara. Akwai salam: ka biya manomi kuɗi yanzu a kan gero ko wake da zai kawo da kaka, da sharaɗin a san nau'in, a san tiya nawa, a san lokacin.

Abin da ke ci mini rai shi ne bashin damina, inda ake ba manomi buhu ɗaya lokacin da rumbu ya ƙare, a karɓi fiye da haka da kaka. Hatsi da hatsi da ƙari, riba ce tsagwaronta, kuma ita ke sa mutum ya noma shekara ya tashi ba shi da na tuwo. Tsarin warantaji, wanda hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta taimaka aka yaɗa a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990, an kawo shi ne don rage wannan: manoma su tara amfaninsu a sito mai kwaɗo biyu, su karɓi rance a kansa, su sayar in farashi ya tashi.

Ɗan ƙarin da ake biya a asusu fa?

Ƙungiyoyi da yawa suna ɗora kashi 10 cikin ɗari a wata. Masu kare shi suna cewa ai kuɗin akwati yake komawa, ranar rabo kowa ta samu. Malamai da yawa ba su karɓi wannan hujjar ba, tun da ƙari ne da aka sharɗanta a kan rance. Mu a tamu ƙungiyar mun bar shi. Rance muna ba da shi ba ƙari, riba kuma muna nemanta ta sayen gyaɗa da kaka mu ajiye, da turkar raguna kafin Layya. Rabonmu ya ragu a shekarar farko, amma matan da mazansu suka hana shiga saboda wannan magana sun dawo.

Ɗana da ke waje ya ce yana ba da rance ta Kiva. Yaya abin yake?

Kiva ƙungiya ce da aka kafa a Amurka a 2005. Mutum ya ga hoton mai sana'a da labarinsa, ya sa dalar Amurka 25, wajen jika 15 ke nan gwargwadon canji. Mai rantawa ba ya samun ko sisi na ƙari. In an biya, kuɗinsa ya dawo, ya sake ranta wa wani ko ya cire. Kiva tana cewa wajen kashi 96 cikin ɗari na rancenta ana biya.

Baba, abu biyu ya kamata ɗanka ya sani. A mafi yawan lokuta kuɗin yana bi ta wata cibiyar ƙananan rance ce ta ƙasar mai cin bashin, sau da yawa ma ta riga ta ba shi kafin a sa hotonsa. Ita cibiyar kuma tana karɓar kuɗin ruwa daga hannunsa don ta biya ma'aikatanta. Wannan ba ya soke kyakkyawar niyyar ɗanka, amma ya san inda kuɗin ke bi. Mu da ke zaune a Maraɗi kuwa, mai tuyar ƙosai a bakin layinmu ta fi kusa, ba a buƙatar katin banki kafin a kai mata.

In na zuba don riba, nawa zan samu?

Ka fara da tambayar nawa za ka iya rasawa. A ce ka ba mutum goma jari, kowa jika 10, rabonka na riba jika ɗaya a kan kowane. Tara suka yi nasara, ka sami jika 9. Ɗaya ya karye, jika 10 ta tafi. Ka tashi da asarar jika ɗaya, ga zirga-zirgar da ka sha.

Rarraba kuɗi yana rage haɗari, amma sai in sana'o'in sun bambanta. In duk mutanenka goma kayansu ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya suke bi, daidai suke da mutum ɗaya. Mun gani lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, mun sake gani bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Haka in duk manoma ne na yanki ɗaya, ruwa ya ɗauke musu tare.

Wani ya turo mini manhaja, wai kashi 30 cikin ɗari duk wata. In shiga?

Kada ka shiga. Alkawarin da wata harkar zuba kuɗi ta intanet mai suna MMM ta yi ke nan a Najeriya, kafin ta daskarar da kuɗin mutane a Disambar 2016. A Sin, kamfanin Ezubao ya tara wajen yuwan biliyan 50 daga mutum kusan 900,000 da sunan rance tsakanin mutane, aka gano yawancin masu cin bashin da yake nunawa babu su. Kafin ƙarshen 2020 hukumomin Sin sun rufe harkar gaba ɗaya.

Dabarar ɗaya ce kullum, ana biyan na farko da kuɗin na baya. Shi ya sa abokinka da ya ce an biya shi ba ƙarya yake ba, an biya shi ɗin, da kuɗin irinka. Ka tambaya: wa ke cin bashin, wace sana'a yake yi da za ta haifi wannan riba? In amsar ita ce ka kawo mutum uku a ƙara maka, ka riƙe kuɗinka. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Me doka ta ce?

Ka ranta wa ɗan uwanka ko maƙwabcinka, ba mai hana ka. Amma karɓar ajiyar jama'a da ba da rance a matsayin sana'a sai da lasisin hukuma. A Nijar hukumar ARSM ce ke sa ido kan cibiyoyin ƙananan rance, a ƙarƙashin dokokin babban bankin BCEAO. A 2014 an ƙayyade cewa kuɗin ruwa kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari a shekara ga bankuna, 24 ga cibiyoyin ƙananan rance da sauran masu rantawa.

Mai zuwa cin bashi a irin waɗannan wurare ya tambayi yadda ake lissafin. Jika 100 a wata goma, kashi 2 a wata: in a kan abin da ya rage ake ɗorawa, jika 11 za ka biya na ruwa. In a kan ainihin kuɗin ake ɗorawa har ƙarshe, jika 20 ne. Baki ɗaya ya faɗi "kashi biyu", amma na biyun ya kusa ninka na farko, ban da kuɗin takarda.

Wa ya kamata in ba, kuma nawa?

Wanda ka ga sana'arsa da idonka. Wata dattijuwa mai ƙuli-ƙuli ta taɓa zuwa neman jika 50. Na je gidanta da hantsi, na tarar tana matsar tunkuza, mai yana tsatsafowa cikin kwano. Na ce, "Inna, tiya nawa kike sarrafawa a kasuwa ɗaya?" Ta faɗa. Na ce, "In an ninka miki, wa zai saya?" Ta yi shiru, can ta ce, "Ƴata, masu sayen dai su ne su." Da muka zauna muka lissafa, sai ga shi abin da ke cinye ribarta shi ne sayen gyaɗa kaɗan-kaɗan da tsada. Jika 20 muka ba ta da kaka ta sayi gyaɗa ta ajiye. Ta biya kafin lokaci. Da jika 50 muka ba ta, ragowar biki da suna za ta tafi, bashin kuma yana wuyanta.

Lokacin biya ma ya bi sana'ar. Mai tuya tana iya biya duk mako. Mai turkar rago sai bayan Layya, manomi sai kaka.

Ƙanena ne. Sai na rubuta?

Sai ki rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba ta cire dangi ba.

Ni kaina na ɗanɗana. Wani ƙanena ya zo ya ce, "Yaya, ki taimaka mini da kuɗin babur in fara kabu-kabu." Na ba shi a ɗaki, daga ni sai shi. Bayan shekara na yi maganar biya, ya ce ai ya ɗauka kyauta ce. Har yau na yarda da gaske haka ya fahimta, don ban faɗa masa a fili ba. Sallah biyu bai tako gidana ba, mahaifiyarmu tana kuka a tsakani. Kuɗin bai dame ni kamar wannan ba. Yanzu ko jika 5 ce, ana rubuta suna, adadi, ranar biya, rance ne ko jari, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya ɗauki hoton takardar a wayarsa.

Lokaci ya yi bai biya ba. Me zan yi?

Ka fara gano wane iri ne. Wanda ciwo ko gobara ko faɗuwar kasuwa ta kayar, aya ta 280 ta ce a saurara masa har ya samu, in an yafe ya fi alheri. Ka je da kanka, kada ka aika yaro, ku sake tsara biyan ko da dala ɗari ce, wato sefa 500, duk mako. Mai hali da ke ja maka rai kuwa, hadisi ya kira jinkirinsa zalunci. Shi sai a bi ta kan shaidu, sannan manyan gida, sannan mai unguwa ko limami, kotu ta zama ta ƙarshe. Kada ka sa hotonsa a WhatsApp ko Facebook. Tonon asiri ba ya dawo da kuɗi, ƴaƴansa kuma suna makaranta tare da naka.

Zan iya yafe bashin in lissafa shi cikin zakka?

Mafi yawan malamai sun ce a'a, zakka fitar da ita ake yi a miƙa. Amma wanda bashi ya danne yana cikin mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata, ana ba shi. A mazhabar Malikiyya, kuɗin da ka ranta ba ka fitar masa da zakka sai ya dawo hannunka, sannan ka fitar ta shekara ɗaya in ya kai nisabi.

Ina zaune a Kano, ina son in riƙa tallafa wa matan ƙauyenmu. Ta ina zan fara?

Yaya, ka fara da ƙungiyar da ta riga ta fasa asusu sau biyu ko uku lafiya. Kada ka kafa sabuwa don kuɗinka, domin in mata suka ji kuɗin na wani ne daga nesa, ba sa tsaron sa kamar zubinsu. Kada kuma abin da za ka sa ya fi abin da suka tara da kansu. Ka aika ta Nita ko Al Izza ko makamantansu da sunan ma'ajiya, a karanta rasit a gaban taro.

Ku yanke tun farko da wane kuɗi aka yi bashin. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, naira kuwa ta faɗi ƙwarai daga 2023. In da naira kake aikowa, a canza ta ranar da ta iso, a rubuta adadin da sefa, shi za a mayar. Ka kuma bar su su zaɓi wadda za a ba a taronsu na mako, kai dai a riƙa turo maka hoton shafin littafin duk ƙarshen wata.